Ruwan Baffa Ya Girmi Kowa

Katangar da ke tsakanin gidan Hedimasta da gidan ƙaninsa ba ta wuce ƙirjin babban mutum ba, kuma maƙwabta sun daɗe da yanke hukuncin cewa da magini ya ƙara mata 'yan layukan bulo, da unguwar ta huta. Wa da ƙani ne, uwa ɗaya uba ɗaya, filin ma na mahaifinsu ne aka raba biyu. Amma tun shekarar da ƙanin ya kira masu haƙa suka zura masa rijiyar burtsatse a bayan gida, ruwan tsohuwar rijiyar Hedimasta kuma ya fara ja da baya, ba su sake gaisawa irin ta mutane ba.

Kada a ɗauka sun daina magana ne. Magana kam har ta yi yawa. Kowace safiya da Hedimasta ya gama shan shayi, sai ya nufi rijiya, ya zura guga, ya jawo rabi ruwa rabi laka, ya ɗaga shi sama yadda za a gani daga ƙetare, sannan ya fara jawabi. Mutumin da ya tsufa yana tara ɗalibai a fili, jawabi ba ya ba shi wahala. Yakan faro daga halin ɗan Adam, ya gangaro kan halin ƙanne, ya sauka kan wani ƙani takamaimai da ya goya, ya share wa majina, yau kuma ya saka masa da zuƙe masa ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Ƙanin kuwa tsohon direban babbar mota ne, ya yi rayuwarsa yana gardama da masu shingen hanya, don haka amsa ba ta yanke masa. Sai ya kunna inji, ya jawo tiyo, ya hau wanke motarsa da ba ta je ko'ina ba, yana mayar da martani ɗaya bayan ɗaya, ruwa na malala har titi.

Matan biyu tuni suka cire hannunsu. Da Hedimasta ya shiga barcin rana, matar ƙanin za ta miƙo tiyo ta kan katanga, Mama, matar Hedimasta, ta cika randunanta da duro, su taɓa hira, kowace ta koma. Da ruwan ake dafa masa shayin da yake sha kafin ya fita faɗa.

Mutum ɗaya ce abin ke ci wa rai, ita ce Auta, autar Hedimasta. A gidajen biyu ta tashi. Baffan nata ne ya fara ɗora ta a gaban babbar mota ya bar ta ta danna hon har maƙwabta suka fito, babanta kuma shi ya ɗora ta a kan karatu har ta kai inda ake kiranta dokta. Sai dai ba irin doktan da dangi suka so ba. A fannin ruwan ƙarƙashin ƙasa ta yi digirin, shi ya sa suke ce mata Likitar Ruwa, har gobe kuma matar Baffa ba ta daina nuna mata gwiwarta ba. Buri ɗaya ne da Auta, ba ta kuma ɓoye shi ba: ta ga babanta da Baffa sun koma 'yan'uwa kafin a wayi gari babu ɗayansu. Duk sanda wayarta ta yi ƙara da sassafe ta ga daga gida ne, sai gabanta ya faɗi.

Abin da ya sa ta shiga maganar, bula ce. Hedimasta ya tsinci wani tsohon littafinta a kwali, ya karanta cewa masana kan zuba launi a ruwa su ga inda zai ɓulla. Bai shawarci kowa ba. Ya sayo bular wanki, ya juye ta kaf a rijiyarsa, ya jawo kujera bakin katanga yana jiran tiyon ƙaninsa ya fara aman shuɗi. Tiyo ya ci gaba da zubo ruwa garau kamar hawaye. Shi kuwa da ya yi rantsuwa ba zai yi wanka da kowane ruwa ba sai na rijiyarsa, Auta ta zo hutun ƙarshen mako ta tarar da farin gemunsa ya koma kalar sararin sama. An ce Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya.

A ranar ta tsaya a bakin katanga, ta kira su duka biyun, ta ce za ta raba gardamar nan da aikin da suke raina mata.

Ta yi musu bayani yadda take yi wa sababbin ɗalibai. Ruwan sama idan zai shige ƙasa yakan tafi da guzuri, wani nau'in kabon da ake kira kabon-14. Shi wannan kabon ƙarewa yake yi a hankali, da wani awo da ba ya sauyawa, rabinsa kan tafi a cikin shekara dubu biyar da ɗari bakwai ko kusa da haka. A can ƙasa babu mai ƙara masa. Saboda haka idan aka auna abin da ya rage, an san tsawon zaman da ruwan ya yi a ɓoye. Sannan akwai wani tambarin, tiritiyam, wanda ya yawaita a ruwan sama tun zamanin da manyan ƙasashe suka yi ta gwada bama-bamai a sararin sama. Duk ruwan da ke ɗauke da shi yaro ne, jiya-jiyan nan ya sauko. Idan injin Baffa na zuƙo ruwan rijiyar Baba, to tambarin ruwan Baba zai bayyana a famfon Baffa, ko ya so ko ya ƙi.

Baffa ya tambaya ko tana nufin akwai bam a ruwansa. Hedimasta ya ce shi da ma ya daɗe yana zargin haka. Da ta ce ruwa ba ya ƙaryar shekarunsa, sai ya dubi ƙaninsa ya ce ashe ruwa ya fi wasu mutunci, don ya san wanda a takardar lasisinsa ya girmi ɗansa na fari da shekara tara kacal.

Duk da haka sun yarda, kowa don ya tabbata shi zai yi nasara.

Sai da aka ɗauko masu yasar rijiya suka kwashe shuɗin ruwan nan tas, aka jira rijiyar ta sake tarawa, aka sake kwashewa, kafin Auta ta dawo da kular sanyi da kwalabe da 'yan na'urorinta. Aikin ɗaukar samfur ba ya son gaggawa. A gidan Baffa ta bar injin yana ta zuba, tana tsoma na'ura a bokiti tana duba zafin ruwan da gishirinsa, har lambobin suka daina rawa, alamar ruwan da ya kwana a bututu ya fita, na can ƙasa ya iso. Sannan ta zura siririn tiyo har gindin kwalba, ta bar ta ta cika ta tumbatsa, ta rufe ba tare da ƙwayar iska ko ɗaya ba, domin iskar yau idan ta shiga sai ta mayar da tsohon ruwa saurayi. Hedimasta na leƙe ta kan katanga, hannu a baya, kamar mai tsaron jarrabawa. Ya sa aka naɗe kowane murfi da salatif, ya rattaba hannu a kai. Baffa ma ya karɓi biro ya rattaba nasa, ya fi na wansa girma. Da za ta jera kwalaben a kula, Hedimasta ya hana ta haɗa su gefe ɗaya. Ya ce a sa kwali a tsakani, shi ya san halin ruwan gidan can.

Ɗakin gwaje-gwajen da take aiki dogon ɗaki ne mai sanyi, ba taga, fitilu farare a sama, kwalabe jere a kan kanta kowace da lambarta, injina kuma na gurnani a ƙasa-ƙasa ba hutawa. Shugabanta ya amince a auna samfurin don unguwar ba ta cikin taswirarsu, kuma rijiya biyu a kusa da juna, ɗaya gajera ɗaya mai zurfi, ba abin yarwa ba ne. Abokin aikinta mai kula da injin ya juya kwalba, ya ga sa hannu biyu a kan salatif, ya tambaye ta ko shari'ar kisan kai ce. Ta ce ta kusa zama.

An ɗauki makonni. Da sakamakon ya fito, Auta ta yi murna irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. Har sabon mayafi ta yafa ranar da ta je gida, ta sayo lemo kwali guda don shagalin sulhu.

Ta tsaya a inda ta tsaya a baya, Baba a dama, Baffa a ƙetare, matan biyu kowace ta rakuɓe a ƙofar kicin ɗinta. Ta ce ruwan rijiyar Baba jariri ne, ruwan saman 'yan shekarun nan ne da ke maƙale a yashin sama-sama. Na Baffa kuwa daga ƙarƙashin wata katafariyar shimfiɗar yumɓu yake fitowa, babu ko ɗigon tambarin ruwan zamani a cikinsa, kuma ya yi wajen shekara dubu goma sha biyar a kwance. Ruwan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, ba su ma san da juna ba.

Da ta tsaya nan, da da sauƙi. Amma masani idan ya fara bayani ba ya ganin fuskar mutane. Ta ci gaba da cewa abin da ya janye rijiyar Baba shi ne siminti. Kowa a unguwar ya shafe tsakar gidansa, ruwan sama ba ya samun inda zai nutse, sai ya bi kwata ya tafi. Ta ma nuna tsakar gidan nasu, wadda Hedimasta da kansa ya sa aka malale daga ƙofa har gindin rijiya bayan ya yi ritaya, don kada laka ta riƙa ɓata masa takalmi.

Baffa ya buɗe baki zai yi abin da ya shekara yana tanadi. Ya dubi fuskar wansa, ya mayar da bakin ya rufe.

Hedimasta mutum ne da bai taɓa musu da sakamakon jarrabawa ba, ko da ɗan cikinsa ne ya faɗi. Ya gyara tabarau, ya dubi simintin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya daɗe.

"To, ilimi ya yi magana," in ji shi. "Na janye zargina."

Ya juya ya shige ɗaki. Baffa ya je ya kashe injinsa. Lemon nan matan biyu ne suka shanye shi da Auta.

Zaman lafiya ya sauka a gidajen biyu, kuma bai yi wa kowa daɗi ba. Hedimasta ya daina zuwa bakin rijiya. Yana gama shayi sai ya zauna a falo da jarida a cinya, ba ya juya shafi. Motar Baffa ta yi butu-butu har yaran unguwa na rubuta sunayensu a gilashin. Idan suka haɗu a ƙofar gida, ƙanin ya ce ina kwana, wan ya ce lafiya lau, kowa ya dubi wani wajen, kamar baƙin da suka haɗu a layin asibiti. Mama ta kira Auta a waya ta ce babanta ba ya cin rabin abin da ya saba ci, kuma jiya ta zuba masa gishiri da yawa da gangan, bai ce uffan ba. Matar Baffa ta ce nata mijin tun hantsi yake komawa gado, shi da ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi.

Auta ta ce sabo ne, ai sai an koya musu. Ta zo ta fitar da benci ƙofar gida, ta zaunar da su gefe da gefe, ta kawo shayi, ta koma bayan ƙyaure tana saurare. Ga abin da ta shekara tana roƙo, babanta da Baffanta a benci ɗaya. Baffa ya ce yau akwai zafi. Hedimasta ya ce akwai. Can an jima Hedimasta ya ce amma jiya ta fi. Baffa ya ce ta fi. Daga nan sai ƙarar kurɓar shayi. Da kofuna suka ƙare kowa ya miƙe ya yi wa ɗan'uwansa godiya, godiya fa, ya shige gidansa. Auta ta jingina da ƙyaure, ta ji kunya ta rufe ta, sannan tausayi ya biyo baya.

A tsaye a wurin ta shiga tuno abin da ta sani tun tana ƙarama amma ba ta taɓa haɗa shi wuri ɗaya ba. Kafin burtsatse, rassan mangwaro ne da ke zubar da ganye a ƙetare. Kafin mangwaro, ƙarar rediyo ce. Kafin rediyo, wani keke ne da aka ara aka dawo da shi ba ƙararrawa. Ba ta taɓa ganin ranar da mutanen nan suka wuni ba su ji muryar juna ba, sai yanzu da ta yi musu sulhu. Ba su iya wata hirar ba. Faɗan shi ne gaisuwarsu, shi ne yadda kowa ke tabbatar da ɗan'uwansa ya tashi lafiya, ita kuma ta zo da kwalabe ta ƙwace musu.

Mama ta ba ta shawara mai sauƙi: ta je ta ce injin ya yi kuskure, ko an musanya kwalba. Auta ta ce ba za ta iya ba. Za ta iya yi wa mutum ƙarya idan ta kama, ta sha gaya wa matar Baffa cewa gwiwarta na samun sauƙi, amma ba za ta yi wa ruwa ƙage ba. Mama ta ce to sai ta zauna da gaskiyarta ta ga ko za ta ci wa babanta abinci.

Akwai kuwa wata gaskiyar da Auta ta riƙe ba ta faɗa ba ranar sakamako, don kada ta ɓata sulhu. Ta kwana tana juya ta.

Da safe ta zauna kusa da babanta a falo, ta zuba wa kanta shayi, ta fara magana kamar da kanta take yi. Ta ce abin da ke damunta da ruwa irin na Baffa shi ne ba ya dawowa. Ya sauko ne a wani zamani da ake tafka ruwan sama fiye da yanzu, yumɓu ya rufe shi, abin da ke ƙaruwa a kansa yau bai taka kara ya karya ba. Duk bokitin da aka zuƙo ya tafi ke nan, jikokin jikoki ba za su ga madadinsa ba.

Jaridar da ke cinyar Hedimasta ta ɗan motsa. Ya tambaya, ba tare da ya dube ta ba, ko ruwan nan iyakar filin ƙaninsa ya tsaya. Ta ce ruwa bai san katanga ba, yana ƙarƙashin gidan nan ma, har ƙarƙashin kujerar da yake zaune.

"Wato yana nan tun kafin a raba filin."

"Tun kafin a haifi wanda ya sayi filin, Baba."

"Kuma ranar rabo ba wanda ya ambace shi."

"Ba wanda ya san da shi."

Hedimasta ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ta ga jijiyar wuyansa da ta kwanta tun ranar sakamako ta fara tasowa a hankali.

"Gadon da ba a raba ba ke nan," in ji shi. "Shekara dubu goma sha biyar yana jirana a ƙarƙashin ƙasa, yaron nan ya zo yana wanke taya da shi."

Ya nemi takalminsa ya rasa ƙafa ɗaya, ya fita da ɗaya. Auta ta matsa jikin taga. Ta ga ya ratsa tsakar gida da saurin da ta manta yana da shi, ya dafa katanga, ya cika ƙirji, ya kira ƙaninsa da almubazzari, maci amanar magada, wanda bai bar na gaba ba bai bar na baya ba.

Bai kai ƙarshen jimlar farko ba kan Baffa ya ɓullo daga ƙetare, dab da inda wansa ya dafa. Babu yadda za a yi a ce daga ɗaki ya fito. Ya yi gyaran murya.

"Sai yanzu ka ga damar fitowa, Yaya?" in ji shi. "Kullum tun safe nake tsaye a nan."

Hedimasta ya dubi inda ƙanin nasa ke tsaye. Sannan ya ce tsayuwar banza ai ita ce sana'arsa tun yana yaro, ya ɗora daga inda ya tsaya. Baffa ya murza ido da bayan hannu, ya ce shi da kuɗinsa ya haƙa, wanda ke son gado ya ɗauki cebur ya sauka ya ɗebo rabonsa. Daga kicin Mama ta leƙo, ta saurara, ta koma ta ƙara ƙwai biyu a kasko.

Can sai Auta ta ji injin burtsatse ya tashi, ta ji ruwa na dukan ƙarfen mota, yana gangarawa kwata. Ta san shekarun ruwan nan fiye da kowa a duniya, ta san ba zai dawo ba, ta san a matsayinta ya kamata ta fita ta hana. Ta ɗauki butar shayi ta ƙara wa kanta, ta zauna tana sauraren su.